Gurbin Yatsa

A bakin ƙauyen da Yayata take aure, kan hanyar Dogo, akwai allunan ƙarfe a jere. Kowane allo furoje ne, wato aikin taimako, da ya zo domin yara, ya yi 'yan shekarunsa ya tafi. Wasu tsatsa ta cinye rubutunsu, sai zanen hannu riƙe da jariri. Ɗaya ma an tumɓuke shi, yanzu shi ne ƙyauren garken awakin liman. Ni da na yi lakkwal, karatun boko, har lise ta manyan ɗalibai, nakan tsaya in karanta waɗanda suka rage, kuma duk bakinsu ɗaya: sun zo ne don kada yaro ya mutu.

Kakarmu da kayan da aka kawo take lissafin zamani. Ta ce a yunwar ƙuruciyarta jar dawa aka kawo da garin madara. Aka dama madarar da ruwan tafki, yara suka yi ta zawo, aka ce madarar Nasara ba ta karɓi 'ya'yanmu ba. A zamanin Innarmu ma'auni ake ratayawa a reshen tsamiya, a zura yaro cikin wando mai igiya yana lilo yana tsala ihu, sannan ga allurar rigakafi, ga ruwan gishiri da sukari. Ba zan yi ƙarya in ce duk banza ne ba. Ƙyandar da ta kwashe ƙannen Inna, mu ko zazzaɓinta ba mu sani ba. Amma ni abin da idona ya gani zan faɗa. A namu zamanin abin da aka kawo wata 'yar leda ce siririya mai launi uku, ana zagaya ta a damtsen yaro don a gane ko tamowa, ciwon yunwa, ta kama shi. In ta tsaya a ja, a ruga likita. In ɗorawa, a yi hattara. In tsanwa, a gode wa Allah.

Yaya a hannun Kaka ta tashi a ƙauye, ni kuwa a Birnin Damagaram wurin Inna, shi ya sa ita ta kwashi kunya ni na kwashi baki. Da ta haifi ɗanta na fari, namiji, ta yi masa abin da matan can suke yi wa ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In ya yi kuka sai ta ɗauke kai har wani ya miƙo mata shi, ta shige ɗaka ta ba shi nono. In magana ta zama dole sai ta ce "yaron can".

Na taɓa ce mata, "Yaya, wai a bola kika tsinto shi?"

Ta ce, "Ke dai baki shi ke yanka wuya."

Mai ɗaukarsa ita ce uwar mijinta, wadda kowa ke kira Iya. Mijin ya tafi haƙar zinariya can arewa, wayarsa sai an yi sa'a take shiga. Yaron bai gama iya tafiya ba ciki ya bayyana ga Yaya. Aka ce nonon mai ciki cuta ne, aka yaye shi, aka mai da shimfiɗarsa ɗakin Iya. Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma daga ranar ya zama ɗan Iya. Kuma kada wani ya ce tsohuwar ba ta son shi. Maigida take ce masa. Tana ɗura masa kunu tana zolayarsa: "Maigida, kai kullum sai ci, ko kalmen noma ba ka taɓa ɗauka ba. Ni wannan aure na gaji da shi." Yana dariya yana ja mata ɗan kunne. Sai dai kunun gero ne tsararo, safe da yamma. Damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, gyaɗar da ta rage an zuba ta a gona, akuyar gidan nononta ya ƙafe.

A hutun lakkwal na wannan daminar na je na yi musu 'yan kwanaki, kuma ina nan motar furoje ta zo. Aka yi shela, mata suka taru a gindin tsamiya. Wata madam ce daga Damagaram, Bahaushiya kamar mu, da riga mai aljihuna da yawa, tare da wata Nasara mai malafa da ke ta ɗaukar hoto. Tsofaffi suka shige gaba suka baje a tabarma da jikoki a baya, kamar yadda suka saba a kowane taro. Matan aure suka rakuɓe can baya.

Madam ta tafa hannu. Ta ce, "Tsofaffi, ku yi haƙuri ku ja baya. Wannan horon na iyaye mata ne. Uwa ita ta san ɗanta, ita za mu koya wa."

Iya ta ce, "Mu kuma itace muka haifa?"

Aka yi dariya. Madam ma ta yi, amma ta ce tsarin haka yake, kayan awon ma ba za su ishi kowa ba. Iya ta miƙe, ta gyara goyonta, ta kaɗe zani. Ta ce, "Taso Maigida, an ce ba da mu ake yi ba." Sauran tsofaffin suka bi ta, kowace da yaro a baya.

Na duba Yaya. Kanta na ƙasa. Ni ba na iya haɗiye magana, sai na ɗaga murya da Faransanci don Nasarar ma ta ji. Na ce, "Madam, yaran da kuka zo dominsu ga su can sun tafi a bayan waɗanda kika kora." Madam ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ai shi ne amfanin sabon tsarin, kowace uwa za ta koma gida ta auna ɗanta da kanta, ba sai ta jira ma'aikaci ba. Yaya ta mintsine ni a cinya har sai da na zauna.

Aka raba ledar, aka koya launuka. Daga ƙarshe madam ta ɗauko wata 'yar tsana ta roba ta ce akwai wata irin tamowa mai kumburi wadda awo ba ya kamawa, don yaron cika yake yi ba ramewa ba. Ta ce a danna babban yatsa a bayan ƙafarsa a ɗan riƙe. In an ɗaga gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba, kada a kwana, a kai shi likita. Yaya ta ji wannan. Ni ma na ji. Iya tana gida tana dama kunu. Aka sa mata suka ɗaga ledojinsu sama aka yi hoto, mota ta tashi.

Da muka koma na so in maimaita wa Iya abin da aka ce. Ta ce, "'Yar lakkwal, riƙe karatunki. Waɗanda aka zaɓa su suka sani." A lokacin yaron lafiyarsa ƙalau a ido, rigima kawai yake yi, sai na bar maganar. Washegari na koma Damagaram.

An yi noman fari, an yi maimai, gero ya fara ɗaukar ciki, sai direban motar kasuwa ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce Yaya ta ce in zo. Iyakar saƙon ke nan. Yaya ba ta taɓa aiko mini da irin wannan ba, don haka ranar kasuwar da ta zagayo na bi shi.

Ina shiga gidan, sai Iya ta tare ni da fara'a. Ta ce, "Zo ki ga yadda na kiwata Maigida. Tun da ya dawo hannuna ya yi kumatu, har rigarsa ta matse shi."

Yana zaune a tabarma kamar an ajiye tulu. Kumatun suna sheƙi, idanun sun shige ciki, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi kamar na masara. Fatar cinyarsa tana saɓulewa. Na kira sunansa, na yi masa tafi. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ko kukan kirki ba ya yi, wani ɗan nishi ne kawai mai fita a hankali.

Yaya tana bakin turmi, ba ta ko waiwayo ba. Sai da Iya ta fita gaisuwar rasuwa a maƙwabta, yaron yana barci, sannan ta ajiye taɓarya. Ta leƙa zaure, ta dawo, ta durƙusa da tsohon cikinta a gefen tabarmar. Ta kwance bakin zaninta ta ciro ledar nan, duk ta yi laushi don yawan amfani, ta zagaya a damtsensa. Tsanwa. Sannan ta kama ƙafarsa ta danna babban yatsa, ta ɗaga. Rami ya zauna, za a iya ajiye ƙwayar gyaɗa a ciki. Muka tsaya muna kallonsa. Bai ciko ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin maimai."

"Tun kafin maimai! Yaya, kina da hankali kuwa? Kin sani kika zauna kina daka?"

"Me zan ce mata? In ce ɗan da take riƙo yunwa ta kama shi a hannunta? Da wane bakin? Kuma a ce ni ce nake bin ɗan fari ina lalube ƙafarsa?"

"A ce mana! A faɗa a kasuwa ma in an ga dama!"

Ta ce ta yi iya yinta. Ta ce wa Iya ta yi mugun mafarki, Iya ta karɓo rubutu wurin malam. Ta aika wa mijinta, waya ba ta shiga ba. Ta roƙi wata maƙwabciya ta yi wa Iya maganar, matar ta ce ba ta shiga tsakanin suruka da uwar miji. In Iya ta fita takan tauna ƙuli-ƙuli ta tura masa a baki, a 'yan kwanakin nan kuma turowa yake. Sai ta aika mini, don ni an riga an san ba ni da kunya, ba abin da zai zube.

Iya na dawowa na tare ta a tsakar gida. Ban gaishe ta ba ma. Na ce, "Iya, yaron nan ba ƙiba ya yi ba. Tamowa ce. Yanzu za a kai shi likita."

Ta ce, "Tamowa a gidana? 'Yar lakkwal, ki iya bakinki. Mai tamowa ƙashi da fata yake zama, na gan su. Ina abin awon naku?"

Yaya ta shige ɗaka. Ni na zagaya ledar. Iya ta sunkuya ta duba ta ce, "Wannan wane launi ne? Ba shi ne na godiya ga Allah ba? To ga shi abin Nasarar ma ya ba ni gaskiya."

Na kamo hannunta. Na ɗora babban yatsanta a ƙafar jikanta na danna da nawa. Na ce, "Ɗaga ki gani." Ta ɗaga. Na faɗa mata abin da madam ta ce a kan 'yar tsana bayan sun tashi.

Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa. Ta daɗe tana kallon ramin. Can ta ce, "Na taɓa ganin wannan. 'Yata ta biyu haka ta cika kafin ta koma. Aka ce mana sanyin damina ne." Ta juya wajen ɗakin Yaya ta ɗaga murya: "Ke kin sani?" Yaya ba ta leƙo ba. "Kin sani kika bar ni ina yi masa kirari?" Sai ta ce, a hankali, kamar da kanta take, "Da sun bar ni na zauna."

Ta miƙe. Ta ɗauke shi ta goya, ta ɗaure da majanyi biyu, ta nufi bakin hanya ko takalmi babu. Na bi ta da takalman. Yaya ta biyo mu can baya da ƙullin kaya a ka, kamar wadda hanya kawai ta haɗa mu.

A ƙaramin gidan likita na kusa majo, babban ma'aikacin wurin, ya danna ƙafar sau ɗaya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Aka sa mu a mota zuwa Damagaram, wani wuri da ake kwantar da yara masu tamowa. A bakin ƙofa mai gadi ya ce mutum ɗaya ke kwana da yaro, kuma uwa ce. Iya ta ce, "Ni ce nake riƙonsa. Ba ya cin abu sai a hannuna." Ya ce, "Hajiya, doka ce, ba ni na yi ta ba." Ta kwance goyon. Ba ta miƙa wa Yaya ba, ni ta miƙa wa, ni na miƙa wa Yaya. A gidanmu Iya ta sauka. Inna ta yi ta fama da ita ta ci abinci, ta ce ita azumi take.

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, kowane da uwa da ɗan da ya rage saura ƙiris. An zura wa yaron bututu ta hanci ana ba shi wata madara kaɗan-kaɗan, an lulluɓe shi da bargo duk da zafin da ake yi. Ma'aikatan suna aiki, ban ga wanda ya zauna ba. Kullum da rana ni da Iya mukan zo dubiya da kwanon abinci. Da Yaya ta hango mu sai ta zame daga gadon ta koma ƙasa, ta juya fuska wajen bango, Iya ta hau ta zauna a inda ta tashi. "Maigida, ka gudo birni ka bar ni da noma? To na biyo ka." Ba ya ko motsi.

Wata rana muna zaune wasu ma'aikata biyu da ba su saba ganinmu ba suka tsaya a kanmu. Ɗaya ta ce wa ɗayar da Faransanci, ga irin uwayen da ba ruwansu da 'ya'yansu, dubi yadda ta juya masa baya, shi ya sa ake kawo su a makare. Ta ɗauka duk 'yan ƙauye ne. Na miƙe na ce mata, da harshen da ta zaɓa, ta je ta tambayi uwarta yadda ta yi da ɗanta na fari. Na ce ku kuka ba da ilimi ga wadda ba ta da izinin magana, kuka kori mai izinin, yanzu kuma kun zo kuna zagi. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa ƙauyenmu ba, kuma gaskiyarta ce. Aka kira mai gadi ya fitar da ni.

Ina tsaye a waje ina huci wata mata daga wajen Tirmini, wadda gadon 'yarta ke kusa da nasu, ta fito shanya tsumma. Ta ce, "Ƙanwata, bar ɓata ranki. Yayarki in kun tafi ba ta ajiye shi. A ƙirjinta yake wuni. Waƙa take masa, tana kiran sunansa har mun haddace. Nan ba wanda ya san ta, wa za ta ji wa kunya?" Ta matse tsumman ta ce, "Jiya ma cewa take yi, ashe yana da tabo a bayan kunne, ba ta taɓa lura ba."

Kumburin ya fara saɓewa, sai ga ainihin yaron ya fito: haƙarƙari a waje, wuya kamar sillen kara. Na zagaya ledar don kaina. Ja, can ciki. Majo na wurin ya ce haka ake so ruwan ya fita, amma zuciyarsa ta gaji, an daɗe. Ban gaya wa Iya wannan ba.

Da hantsi ya rasu, kafin lokacin dubiya. Muna isowa da kwanon kunu muka tarar da Yaya a zaune bakin ƙofa, an naɗe shi a zaninta, yana kan cinyarta. Tana ganin Iya sai ta miƙe ta miƙa mata shi. Ta ce, "Iya, yaron can ya koma." Idonta a bushe. Iya ce ta yi kuka, a bainar jama'a, tana cewa, "Maigida, haka za ka yi mini?" har masu kabu-kabu suka taru suna ba ta haƙuri.

A ƙauye aka rufe shi. Mata suka zo gaisuwa, Iya suke yi wa ta'aziyya. In sun juyo wajen Yaya sai su ce, "Sai haƙuri, Allah ya sauke ki lafiya ya kawo mai zama." Suna fita suna yaba ta, wai 'yar mutunci ce, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Na ce wa ɗaya daga cikinsu mutuncin nan ne ya ci yaron. Inna ta ce in ban rufe baki ba za ta sa ni a mota.

Ban tafi ba. Na zauna har aka fara yankan gero. Iya ta daina zolayar kowa. Wata safiya na ga ta tare wata tsohuwa a bakin rijiya, ta sa ta sauke jikarta, ta danna ƙafar yarinyar, ta duba, ta ce mata ta tafi. Tsakaninta da Yaya kuwa gaisuwa ce kawai. Ba wadda ta ƙara tayar da maganar. Mijin ya kira daga baya, ya ce Allah ya sa mai ceto ne, layi ya katse. Kafin in bar garin wata mota ta zo da sabon allo, fentinsa ko bushewa bai yi ba, aka kafa shi a ƙarshen jerin. Ban tsaya karantawa ba.

Ana gobe zan tafi, da la'asar, Yaya tana cura fura ta sabon gero, ni ina zaune ina barbaɗa mata gari. Hannunta yana da sauri, ta cura ta jefa a ƙwarya, ta cura ta jefa. Can na ji jefawar ta tsaya. Na ɗago. Curi ɗaya ne a tafinta, mai ɗumi, ta danna babban yatsa a tsakiyarsa ta ɗaga, tana kallon gurbin.

Na ce, "Yaya."

Iya tana zaune a inuwar rumbu, nan kusa, tana tsince wake. Ta ɗago ta gani. Ta ajiye faifan, ta miƙe da ƙyar, ta ce za ta leƙa gona ta ga ko tsuntsaye sun sauka. Gonar an riga an yanke ta. Ta fita, ta ja ƙyauren zaure ta rufe a bayanta.

Sai a lokacin Yaya ta sa curin a bakin zaninta, ta danne shi a ƙirji, ta buɗe baki, kukan ya fito. Na tashi na je na tsaya a zaure na riƙe ƙyauren, kada wani ya shigo.